Gadar Takarda da Makullin Rijiya

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, Baffa dai ya riga mu. Ranar Talata da hantsi aka kira ni ina tsakiyar koyarwa a Yelwa, kafin La'asar an kai shi makwancinsa. Baffa wan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya koya mini aikin da nake ci da shi yau. Shekara talatin da ɗoriya ya yi a ɗakin gwaje-gwajen asibiti, wanda kowa ke kira lab, yana leƙen abin da ido ba ya gani.

An kafa rumfa a ƙofar gidansa na Gwallameji, maza a waje, mu mata a ciki. Tsofaffin abokan aikinsa da suka shigo gaida Inna, matarsa, kusan magana ɗaya suka yi ta maimaitawa: mutum ne mai wuyar sha'ani, amma in ya sa hannu a takarda likita zai iya rubuta magani ba tare da ya waiwaya ba. Wani babban mutum da furfura a gemu ya tsaya a bakin ƙofa yana share hawaye, ya ce Baffa ya taɓa korarsa daga lab har kwana uku saboda ya ci gyaɗa kusa da teburin aiki. Har mun fara murmushi, sai wata maƙwabciyarmu ta unguwar Ɗan Iya ta shigo, ta kama hannun Inna ta ce, “Shi ya tsare mana sauran 'ya'yanmu.” Matan gidanmu suka sunkuyar da kai, domin kowa ya san zancen rijiya take yi.

Duk wanda ya shigo kuma sai ya yi ƙasa da murya ya tambaya ko Baba ya shigo. Bai shigo ba. Mahaifina ya yi wa wansa salla, ya kama makara, ya zauna a gaban rumfa yana karɓar gaisuwa tunda yanzu shi ne babba. Amma kwana biyu cur bai tako zauren nan ya yi wa Inna ta'aziyya ba. Shekara tara ke nan bai shiga gidan ba. Tsakaninsa da Baffa sallama ce kawai a wurin ɗaurin aure ko filin Idi, don kada a ce suna gaba. Dangi sun san rigimar, amma ni kaɗai na rage a duniya da na san tushenta, domin ni ce tushen.

Bari in fara da shi kansa, kada laifina ya rufe shi.

Baffa siriri ne, mai saurin tafiya, kuma ban taɓa ganin wanda ya kai shi wanke hannu ba. In ya zo gidanmu sai ya ɗaga murfin randa ya leƙa kafin ya zauna, matan gida suna ta harararsa ta bayan labule. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka shi da Baba ba mai kama sunana, Uwata suke ce mini. Yana da wata 'yar kula shuɗiya da yake ɗaurewa a bayan babur. A cikin firjin lab akwai wasu 'yan kwalabe da ba su kai ɗan yatsa ba, waɗanda ya samo da ƙyar ta hannun wani abokinsa, domin ba kowane asibiti ke da su ba. Da zarar an ɗauke wuta ya ga abin zai daɗe, sai ya kwashe su a kular da ƙanƙara ya kai gidan duk wanda ke da janareto. Inna takan ce da a ce ita ake lallaɓawa haka da ta yi ƙiba.

Lokacin da nake karatun digiri na biyu na riƙa zuwa wurinsa, kuma a bakinsa na fara fahimtar abin da na haddace a littafi. Akwai dangin ƙwayoyin cuta na hanji da ake kira Salmonela. Mai kawo taifot ɗaya ce daga cikinsu, sauran kuma da yawa gudawa da zazzaɓi suke kawowa, ko da yake mutanenmu duk taifot suke ce musu. Suna da wasu siraran gashi da suke kaɗawa su yi iyo, Baffa jela yake ce musu. Da irin furotin da aka ƙera jelar ake bambanta 'yar wannan gida da ta wancan, domin jiki yana iya zama iri ɗaya. Ruwan da ke cikin kwalaben nan, wanda yake kira ruwan shaida, kowanne jela iri ɗaya ya sani. In ka ɗiga shi a kan gilashi ka gauraya da ƙwayar, in jelarta ce sai ka ga ta dunƙule gudaji-gudaji kamar madarar da ta tsinke.

Inda gizo ke saƙar, da yawansu umarni biyu suke ɗauke da shi a cikin gadon halittarsu, na jela iri biyu. Ba sa fito da su tare. Akwai wani ɗan guntu a cikin gadon da ke juyawa lokaci-lokaci, in ya kalli nan a ƙera wannan jela, in ya juya a ƙera waccan. Jikin mutum ya gama sanin ta farko ya shirya mata, sai wasu daga cikinsu su ɓullo da ta biyu. Saboda haka ƙwaya ɗaya za ta iya nuna maka fuska ɗaya a wannan faranti, ta nuna wata a wancan.

Maganin wannan shi ne gada. Baffa yakan yanke rami a tsakiyar daskararren abincin da ake renon ƙwayoyin a kai, ya raba farantin gida biyu. Sai ya yanko 'yar siririyar takardar tacewa, ya jiƙa ta da ruwan shaidar jelar da aka riga aka gani, ya shimfiɗa ta a kan ramin. A shuka ƙwayar a gefe ɗaya, a sa a akwatin ɗumi, a tafi gida. Masu tsohuwar jela duk za su maƙale a kan takardar, masu ɗaya jelar ne kawai za su haye. Washegari ka ɗebo na tsallake ka gwada, sannan ka san da wa kake magana.

“Kada ki raɗa mata suna sai ta haye gada,” haka yake cewa. Har ya mai da ita maganar duniya. In aka ce wane mutumin kirki ne, sai ya ce a bari ya haye gada. Ko da aka kawo maganar aurena abin da ya fara faɗa ke nan, sai da Inna ta ce masa wannan ɗan mutane ne ba kashin asibiti ba.

A daminar shekara tara da ta wuce yara suka fara kwantawa a layinmu na Ɗan Iya. Gudawa, amai, jiki kamar garwashi. A ƙofar gidanmu akwai rijiyar da kakanmu ya haƙa ya bar wa unguwa sadaka, layi uku ke sha daga cikinta. Baba yana ji da ita fiye da gidan kansa, shi ya yi mata murfin ƙarfe, shi yake sayen guga in ya tsinke. Bayan ya yi ritaya ya gina ɗakin kaji a jikin katangar da ke kusa da ita, kuma in aka yi ruwan sama mai ƙarfi wankin ɗakin ta nan yake gangarowa. Da ƙaramar 'yar maƙwabciyar nan da ta zo ta'aziyya ta rasu a asibiti, sai aka fara nuna rijiyar da baki. Mai unguwa ya roƙi Baba ya rufe ta har a gwada. Ya rufe, amma ya daina cin abinci sosai, in zai je masallaci ta bayan layi yake bi.

Baffa ya ɗebi ruwan, ya kuma samu samfurin ɗaya daga cikin yaran da ke kwance. Duka biyun Salmonela ta tsiro, jiki iri ɗaya. Saura jela. Ranar Alhamis da rana aka kira shi jana'iza, ya ce in gwada kowacce, in ɗora musu gada, mu haɗu da safe. Na gwada. Ta yaron ta dunƙule da kwalba ta farko. Ta rijiya ko gezau ba ta yi ba, sai da kwalba ta biyu.

Ba jahilci ba ne ya ja ni. Na san maganar gada, da hannuna ma na ɗora ta a ranar. So nake ya zama ƙwayoyin daban suke, sai na ga abin da nake so. Na cire farar riga, na tari keke zuwa Ɗan Iya. Na tarar da Baba a zaure ya zuba wa bango ido. Na san in na ce ni na gani zai ce yarinya ce, don haka na ce, “Baba, Baffa ya ce ba daga rijiyarmu ba ne.”

Har yau ina ganin yadda fuskarsa ta washe. Bayan sallar La'asar ya miƙe a masallaci ya shaida wa jama'a cewa wansa, wanda kowa ya san ba ya sa hannu a kan ƙarya, ya wanke rijiyar mahaifinsu. Ya dawo ya ɗaga murfin da kansa, ya ja guga ya sha a gaban mutane.

Ranar Juma'a ba a samu komai ba, domin an ɗauke wuta akwatin ɗumi ya huce. Baffa ya sake ɗora gadojin. Ina tsaye a bayansa maganar tana bakina, na haɗiye ta, na ce wa kaina ai wataƙila gobe sakamakon ya goyi bayana. Ranar Asabar da safe ya ɗaga farantan biyu a hasken taga. A tsallaken kowane rami akwai ɗan hazo-hazo, sun haye. Ya ɗebo ya gwada. Ta yaron yanzu ta kama da kwalba ta biyu, ta rijiya ta kama da ta farko. Jela biyu, iri ɗaya, a wuri biyu.

Ya tambaye ni ko rijiyar tana rufe dai. Na ce Baba ya buɗe tun shekaranjiya. Bai tsaya jin dalili ba, ya ce in hau bayan babur. A hanya ya tsaya ya sayi kwaɗo, mafi girma a shagon.

Mun tarar da mata da bokitai sun yi layi. Baffa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tuntsurar da ruwan a ƙasa, ana ta salati, ya ja murfin ya datse kwaɗon. Baba ya fito ba ko hula. Mutanen da suka ji shi a masallaci duk suna tsaye.

“Yaya, me ke nan?”

Baffa ya ce ƙwayar da ke cikin yaran ita ce a cikin ruwan. A tashi kajin nan, a kwashe rijiyar a zuba mata magani, ya sake gwadawa, sannan ya buɗe.

“Ba kai ka aiko Uwata ta ce mini ba daga nan ba ne?” in ji Baba. “Ka bar ni na tsaya a ɗakin Allah na yi shaida da sunanka, yau ka zo ka mai da ni maƙaryaci a ƙofar gidan ubanmu?”

Baffa ya juyo ya dube ni. Ba kallon fushi ba ne, jira yake. Ni kuwa na kafe idona a kan ruwan da ke gangarawa kwata, ban buɗe baki ba. Da ya ga haka sai ya mai da fuskarsa ga ƙaninsa ya ce, “Abin da ya fito daga ɗakina, nawa ne.” Ya jefa makullin a aljihu ya tafi.

A cikin kwana biyun da rijiyar ta yi a buɗe, wan yarinyar da ta rasu ya kwanta. Sati guda ya yi a asibiti, ni kuma sati guda ina zagaya gadonsa kamar ni na haife shi, uwarsa tana ta sa mini albarka ba ta san komai ba. Allah Ya tashe shi. Bayan an datse kwaɗon cutar ta lafa a layin. Baba ya ƙi taɓa kajin a lokacin, don tashinsu amsa laifi ne. Daga baya ya sayar da su a kan wani dalili nasa, amma bai aika a karɓo makulli ba, Baffa kuma bai kawo ba. Unguwa ta koma sayen ruwan 'yan garuwa, har aka zo aka yi burtsatse.

Na zaci ranar Litinin zai kore ni kamar yadda ya kori mai cin gyaɗar nan. Da na shiga sai ya tura mini faranti goma ya ce in yanka musu rami. Wata guda ba abin da nake yi sai gada, har yatsuna suka iya da kansu. Sau ɗaya tak ya taɓo zancen, yana wanke hannu, bai ko dube ni ba. Ya ce shi ba zai faɗa wa Baba ba, domin maganar tawa ce, in na shirya in kai ta da ƙafata. Na ce to. Na yi ta shiryawa shekara tara. In na yi niyya sai in ce bari Baba ya huce, da ya huce na ce kada in tayar da abin da ya kwanta, da hawan jini ya kama shi na samu sabuwar hujja.

Shi kuwa bai rage ni da komai ba. Shi ya karanta kundin digirina da jan biro, har ya fi malamina tsanani. Da na fara aiki da na'urar da ke karanta gadon halittar ƙwaya gaba ɗaya, na je ina yi masa burga cewa yanzu umarnin jela biyun a kwamfuta muke ganinsu lokaci ɗaya, ba ruwanmu da takarda. Ya yi dariya ya ce, “Kun ga kayan da ke cikin akwatinta, Uwata. Wanne ta sa yau?” A kan wannan tambayar nake bincike har yanzu.

Sati biyu kafin rasuwarsa na je duba shi, ƙoda ta ci ƙarfinsa, ya zama kamar ba shi ba. Na ce masa a wannan satin zan gaya wa Baba. Ya ce Allah Ya ba ni iko. Sai ya tambaye ni ko ƙaninsa yana shan maganinsa a kan lokaci, ya ce in hana shi jan nama. Satin ya wuce ban je ba, na biyun ma haka.

Ranar addu'ar uku, bayan an watse da hantsi, Inna ta kira ni ɗaki ta miƙo mini wani makulli da ya yi baƙi don tsufa. Ta ce a cikin zoben makullan babur ɗinsa yake tun ranar, ko da ya daina hawa babur bai cire shi ba. Ya bar wasiyya a ba ni, ya ce na san inda zan kai.

Baba yana zaune shi kaɗai a ƙarshen rumfa, ana naɗe tabarmi. Na durƙusa a gabansa na ajiye makullin a gefen ƙafarsa. Ya gane shi nan take. Na faɗa masa komai, ban rage ba: Baffa bai aiko ni ba, bai ma ga gwajin ba a lokacin, ni na sa maganar a bakinsa, kuma ranar Asabar ya jira ni na yi shiru.

Ya daɗe yana juya makullin a hannunsa. Na so ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

“Shi ya hana ki faɗa?”

Na ce a'a, cewa ya yi in faɗa.

“Kin san da ina son buɗe rijiyar nan guduma ɗaya ta isa,” ya ce. “Na bar kwaɗon ne don dole wata rana ya zo ya buɗe da hannunsa, ya ce mini in yi haƙuri, ni kuma in ce ya wuce. Ni ina jiransa, Uwata, shi ashe ke yake jira.”

Bai ce ya yafe mini ba, ban kuma roƙa ba a ranar, domin ban ga fuskar roƙo ba. Ya laluba takalmansa ya sa, ya miƙe da ƙyar, ya nufi zauren da ya yi shekara tara bai taka ba. A bakin ƙofa ya tsaya, ya yi sallama da ƙarfi kamar mai jiran maigida ya amsa. Inna ce ta amsa daga ciki.

Allah Ka jiƙan Baffa, Ka haskaka kabarinsa, Ka ƙetarar da shi lafiya ranar da kowa zai haye tasa gadar. Ya rufa mini asiri alhali ban cancanta ba, Ka rufa masa nasa. Ranar Asabar masu yasar rijiya za su zo Ɗan Iya. Baba ya ce ni zan gwada ruwan, kuma kada in zo masa da magana sai ta haye.